Rijiya ta Huɗu a Fadamar Garo

Shadrak Zechariah ya dawo Gwarzo a watan Afrilu na shekarar dubu biyu, ana tsakiyar zafin bazara, da jaka ɗaya da takardar sallama daga aiki. Shekara goma sha huɗu ya yi a wani kamfanin mai can wajen Fatakwal. Shi ba haƙa yake yi ba. Aikinsa yana farawa ne bayan masu haƙa sun kai ga mai ko iskar gas. Shi ke zana irin bututun da za a zura, da faɗinsa, da inda za a huda shi, da yadda za a tare yashi kada ya biyo man ya toshe rijiyar. Aikinsa na ƙarshe wata rijiyar gas ce a cikin teku, wadda ya dage sai da aka yi mata bututu mai faɗin da ba a saba ba. Wata biyu da gama ta, kamfanin ya rage ma'aikata, har da shi.

Ba zama ya zo yi ba. Ya zo ne ya ɗauki mahaifinsa, Malam Zechariah, mutumin Zonkwa da ya shekara talatin da huɗu yana koyarwa a firamare a Gwarzo. Tun rikicin Kaduna na watan Fabrairu, ga kuma maganar ƙaddamar da Shari'a a Kano, wasu daga cikin 'yan cocinsu suka fara kwashe kaya. Ƙanwarsa Keziah, da ke aure a Jos, kullum sai ta aiko direba da saƙo cewa a kawo mata Baba.

Tsohon ya saurari ɗansa har ya gama, yana murza gwiwarsa mai ciwo.

"Na ji. Za mu yi maganar. Amma gobe ka fara zuwa Garo, Jibirin ya zo nemanka sau biyu."

Jibirin abokin Shadrak ne tun aji ɗaya, benci ɗaya suka zauna. Yanzu shi ne shugaban ƙungiyar manoman rani na Garo. Bayan sun daɗe suna gaisawa, kowa ya tambayi iyalin ɗan'uwansa, ya ɗora Shadrak a bayan babur suka gangara fadama. Ya nuna masa bututu uku da suka leƙo daga ƙasa, kowanne an toshe bakinsa da tsumma.

"Ka ga su nan. Kowacce sai ta yi wata biyu tana ba da ruwa, sannan ta fara tofo yashi, ta cinye injin ban ruwa, ta mutu. Bara muna ji muna gani albasarmu ta ƙone. Yanzu shirin noman rani sun ce za su turo injin haƙa karo na ƙarshe, kwana goma kawai. In ta huɗu ta mutu, shi ke nan."

"Ni fa rijiyar mai na sani, Jibirin."

"Rijiya dai ce ko? Ƙasa ake haƙawa."

Shadrak ya matsa gaba. Ya tsuguna gefen ɗaya daga cikin matattun rijiyoyin, ya ɗebi yashin da ta tofo, ya murza a tafin hannunsa. Laushi gare shi kamar garin tuwo. Ya ce a samo masa rariya iri uku daga cikin gida, mai ƙananan ido da matsakaiciya da mai manya. Ya zauna a ƙarƙashin wani mangwaro yana tankaɗe har azahar. Da Jibirin ya dawo daga salla ya tarar da shi ya jera tsibi uku a kan buhu, yana zane a bayan ambulan ɗin takardar sallamarsa.

"Ruwa akwai shi a ƙasan nan, da yawa ma," in ji Shadrak. "Matsalar, bututun inci shida ne. Ƙofa ƙarama, ruwa mai yawa, dole ya shigo da gudu, in ya shigo da gudu kuma sai ya kwaso yashi. In muka yi rami mai faɗi, muka sa bututu mai inci goma sha biyu, muka zagaye shi da tsakuwa, ruwan zai shigo a hankali ta ko'ina. Tsakuwar ta tare yashin."

Da injin haƙa ya iso bayan kwana uku, shugaban masu haƙar ya karɓi ambulan ɗin ya juya shi sama da ƙasa. Sunansa Malam Zainulabidin, dattijo ne gajere mai furfura a gemu, wanda ya ce ya haƙa rijiya fiye da ɗari biyu tsakanin Kano da Katsina.

"Injiniya, nan ba teku ba ne. Rami mai inci goma sha takwas a cikin yashi? Kafin ka juya ya rufta. Kuma ina za ka samo bututun? Mu inci shida aka ba mu."

"In na samo bututun fa, Malam?"

"Ka samo tukuna."

"Kuna da bakin haƙa mai faɗin?"

Zainulabidin ya ce akwai guda ɗaya a sito a Kano, tun da aka kawo shi ba wanda ya taɓa ɗaura shi. Ya ce zai fara da ƙaramin rami kamar yadda ya saba, ya ba su kwana huɗu. In babu bututu a ƙasa ranar Laraba, zai zura nasa ya kama gabansa.

Jibirin ne ya tuna da wasu manyan bututun ƙarfe da ke kwance a bayan wani tsohon sito a Kabo. An kawo su ne don wani aikin ruwa da aka fara aka bari tun zamanin tsuke bakin aljihu, har ciyawa ta rufe su, awaki suna shiga ciki suna shan inuwa. Shi da Shadrak suka yini suna zirga-zirga, daga gidan dagaci zuwa ofis, daga ofis zuwa gidan wani da aka ce shi ke riƙe da makulli. Aka ce su dawo gobe, suka ƙi tafiya, suka zauna a kan benci a ƙofar ofishin har ma'aikacin ya gaji da ganinsu ya sa hannu. Shadrak ya bi bututun ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da guduma. Cikin goma sha ɗaya, biyar ne tsatsa ba ta ci ba. Biyar ɗin kuwa su ne ƙafa ɗari, shi kuma ƙafa casa'in yake bukata.

Ranar Laraba da hantsi amalanken shanu suka sauke su a fadama. Zainulabidin ya zagaye su, ya harbi ɗaya da takalminsa, ya juya ya ce wa direbansa ya tafi Kano ya ɗauko babban bakin.

Saura tsaga. Bututu biyu na ƙasa dole a tsattsaga jikinsu da ƙananan tsagu, dubu uku da wani abu, kowacce siririya yadda ruwa zai shiga amma tsakuwa ba za ta wuce ba. Aka ɗauko Baƙo mai walda daga Gwarzo da injin yankan ƙarfensa da janareta. Shadrak ya zana layukan da alli, Baƙo ya bi yana yankawa. A rana ta biyu fetur ya ƙare, kuma babu shi a gidan mai ko ɗaya daga Kabo har Gwarzo. Jibirin ya jingine babur ɗinsa ya zuƙe man da ke tankin ya juye a janareta. Da sauran manoma suka gani, masu babura suka bi layi. Mako guda aka yi rabin Garo na tafiya a ƙasa.

Tsakuwar kuma mata ne suka ɗauki nauyinta. Inna Uwaliya, mahaifiyar Jibirin, ta sa aka kira Shadrak har zaure.

"Ɗan Malam, an ce tsakuwa kake so. Wace iri?"

"Inna, wadda ta fi ƙwayar dawa girma, amma ba ta kai ƙwayar masara ba. A wanke ta tas, kada ƙasa ta bi ta."

"Buhu nawa?"

"Kamar ɗari da ashirin."

Ta dube shi ta yi dariya. "Kai da ubanka duk ɗaya kuke, ba ku san aiki kaɗan ba." Amma washegari mazan gidajen suka fara kai yashin rafi cikin gida a kan jakuna, mata suna tankaɗewa. Duk buhun da zai fito sai Inna Uwaliya ta zura hannu ciki ta duba. Ta mayar da buhu goma sha huɗu a rana guda, har wata maƙwabciyarta ta daina yi mata magana.

A rana ta shida da zuwan injin haƙa Keziah ta iso Gwarzo da motar ɗaukar kaya. Da aka ce mata yayanta yana Garo, ta sa direban ya kai ta har bakin fadama. Ta tarar da shi cikin laka har gwiwa. Ta gaisa da mutane a daddafe, ta ja shi gefe.

"Yaya, me kake yi a nan? Wata uku ina aiko da saƙo. Na zaci ka zo ɗaukar Baba ne."

"Kwana huɗu suka rage, Keziah."

"Ƙanen mijina ma kwana biyu ya ce zai ƙara a Kaduna, ya rufe shago. Har yau ba mu ga gawarsa ba." Ta kama hannun rigarsa. "Ban ce mutanen nan za su taɓa ka ba. Inna Uwaliya ta goya ni, na sani. Amma in abu ya taso daga wani wuri, wa zai tsaya tambayar ɗan wane ne kai?"

Abin da ta faɗa, Shadrak ma ya kwana da shi ya tashi da shi. Ya dubi ramin. An riga an faɗaɗa shi ƙafa sittin, ruwan laka ne kawai ke riƙe da bangonsa.

"In na tafi yau, babu wanda ya san yadda za a zura shi. Ramin zai rufta, kuma ni na sa aka haƙa shi haka. Ki tafi da Baba. Ranar Litinin ina Jos."

Ta yi kuka, ta ce masa taurin kai ne zai kashe shi, ta shiga mota. Da yamma ya je Gwarzo ya taya su ɗaure kaya. Tsohon bai yi gardama ba. Ya bar wa maƙwabcinsa makullin gida da kajinsa, ya ce wa ɗansa kawai ya tabbata an gama aikin da kyau.

Washegari suna cin ɗumame a gindin injin, Zainulabidin ya dubi Shadrak.

"Na ji an tafi da Malam. Kai ba ka jin tsoro?"

"Ina ji, Malam."

"To." Dattijon ya tura masa kwanon. "Ci, yau akwai aiki."

Tun daga ranar Jibirin ya hana shi komawa Gwarzo, ya share masa ɗakin da ke jikin zaurensa.

Ranar Asabar aka fara zura bututu. Zainulabidin yana kan injin yana sassauta igiya, Baƙo yana haɗa kowane bututu da na bayansa da walda. A jikin kowanne Shadrak ya sa an liƙa wasu lanƙwasassun ƙarafa guda huɗu, don su riƙe shi a tsakiyar ramin, tsakuwa ta samu wurin zagaye shi daidai. Na farko ya shige, na biyu ya shige, na uku ya shige. Ana cikin na huɗu, a ƙafa sittin da biyar, igiya ta saki. Bututun ya tsaya cak.

Aka ɗaga shi kaɗan aka sake saki, bai motsa ba. Aka juya shi, bai motsa ba. Daga gabas kuma hadari ya fara haɗuwa, na farko a shekarar.

"Bari in danna shi da injin," in ji Zainulabidin. "Da ƙarfi zai wuce."

"In ka danna, tsagun za su murƙushe. Sai mun fito da shi."

"Duka? A yanke waldar da aka yini ana yi? Injiniya, dubi sama. In ruwan nan ya sauko ya shiga ramin, ya tsinka lakar, bangon zai zube. Ka rasa ramin, ka rasa bututun."

Manoman da suka kewaye wurin suka fara magana ƙasa-ƙasa. Wani ya ce dama an tsaya a kan inci shida. Jibirin ya matso kusa da abokinsa.

"Shadrak, ka tabbata?"

"Ban tabbata ramin zai tsaya ba. Amma na tabbata in aka danna, bututu na huɗu za ka toshe da tsumma."

Jibirin ya juya ga mutanensa ya ce kowa ya kawo fartanya. Suka ja kunya kewaye da ramin don tare ruwa, wasu suka ruga gida suka yayo tabarmi da buhuna da tsofaffin kwanon rufi. Zainulabidin ya yi tsaki, amma ya ja igiya.

Awa uku aka yi ana fitarwa. Baƙo yana yanke inda ya haɗa da hannunsa yana ƙunƙuni. Ruwan ya sauko ana kan bututu na biyu, mai iska, mutum takwas suna riƙe da kwanon rufi a kan ramin, ruwa na bin hannayensu har hammata. Da na ƙarshe ya fito, kowa ya ga dalili. Ɗaya daga cikin ƙarafan da ke riƙe bututun a tsakiya ya ɓalle ta gefe ɗaya, ya buɗe kamar ƙugiya, ya caki bango.

Baƙo ya ce, "Wallahi yadda aka ce in liƙa haka na liƙa."

"Haka ne," in ji Shadrak da ƙarfi don kowa ya ji. "Waldarka lafiya lau. Ƙarfen da na zaɓa ne ya yi siriri. Laifina ne."

Zainulabidin ya sauko daga kan injin, ya ɗauki ƙarfen ya duba, ya tafi bayan motarsa ya dawo da wani tsohon sifirin ɗin mota.

"Yanka wannan. Ba ya lanƙwashewa."

Ruwan ya ɗauke kafin la'asar. Da aka auna ramin, ƙafa bakwai na ƙasa sun cike da yashin da ya zube, sauran yana nan. Zainulabidin ya sake zura bakin haƙa ya share shi, ya ƙara wa lakar kauri. Ranar Lahadi da sassafe, lokacin da Shadrak ya saba kasancewa a coci, aka sake farawa. Ya tsaya gefe ya yi addu'arsa a tsaye, sannan ya ɗaga hannu alamar a ci gaba. Kafin rana ta take tsaka bututu na biyar ya zauna a ƙafa casa'in. Ya haska madubi cikin ramin, ya ga bututun a tsakiya daidai.

Zuba tsakuwa ya ci sauran yinin. Ya hana a juye buhu gaba ɗaya, don kada ta cunkushe a hanya ta bar rami a ƙasa. Kwano-kwano aka riƙa zubawa, ana zagayawa, shi kuma yana zura igiya mai dutse yana auna inda ta kawo.

Litinin ɗin da ya yi wa Keziah alkawari ta zo ta wuce yana fadama. Ya ba wani direban Jos takarda ya kai mata, ya rubuta Laraba. Kwanaki goman injin ma sun cika, amma Zainulabidin ya aika Kano cewa yana bukatar ƙarin kwana biyu, bai jira amsa ba ya kunna kwampresa. Aka riƙa hura iska cikin rijiyar don ta amayar da laka. Ruwan farko ja ne wur, mai kauri kamar kunu. Yini guda haka. Washegari ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, yashi na bin sa, mutane suka fara kallon juna. Shadrak ya ce a ci gaba, a kashe, a kunna, a kashe, a kunna, wannan yashin na kusa da tsakuwa ne, gara ya fito yanzu.

Laraba da hantsi ruwan ya washe. Ya tari bokiti guda ya ajiye a inuwa, ya hana kowa taɓawa har rabin awa. Da ya tsiyaye a hankali, abin da ya kwanta a gindin bokitin bai cika farce ba. Aka kawo duro, Zainulabidin ya riƙe agogo. Daƙiƙa goma sha biyar ya cika ya tumbatsa. Dattijon ya ce a zubar a sake, bai yarda ba. Aka sake, goma sha biyar.

Wani ya yi kabbara, sauran suka amsa. Jibirin ya kama hannun Shadrak da hannu biyu. Inna Uwaliya ta aiko a ɗebo mata a buta ta gani da idonta.

Shadrak bai tsaya cin abincin da aka dafa ba, don motar Kano ta ƙarfe biyu ce. Ya zauna a kan buhu ya sake zana komai a littafin Zainulabidin da Hausa: faɗin rami, faɗin tsaga, girman tsakuwa, kaurin ƙarfe. Ya gargaɗi Jibirin kada a sa babban injin ban ruwa a makon farko, a fara da ƙarami, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Da yake har yanzu babu mai a babur ɗin, a ƙasa Jibirin ya raka shi bakin titi, yana ɗauke da jakarsa.

Ya isa Jos washegari. Keziah ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba, sannan ta huce. Bai sake komawa aikin mai ba, ya samu koyarwa a wata makarantar koyon sana'a. A ranin da ya biyo baya rijiyar Garo ta shayar da gonakin mutum ashirin da uku, kuma injin ban ruwan da ƙungiyar ke da shi ko rabin ruwanta bai iya ja ba. Zainulabidin ya gwada irinta sau biyu a Kutama shi kaɗai. Ta farko ta rufta masa tun kafin ya zura bututu. Ya matsa gaba taku arba'in ya sake haƙawa, ta biyun ta yi.